Yadda Yaya Ilu Ya Gyara Muryar Baba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar sadakar bakwai ta Yaya Ilu, muna zaune a tsakar gidansa na unguwar Adjamé Liberté a Abidjan: ni, da matarsa Zulai, da Malam Sanusi mai jan addu'a, da Kwasi mai ɗaukar bidiyon biki a Treichville, sai maƙwabta. Malam ya ja addu'a har shayi ya huce. Ina ɗaga kai na ga Zulai, ido a rufe, hawaye na zuba, amma ɗan yatsanta na juyawa a iska kamar mai naɗe zaren kaset. Duk wanda ya san Ilu ya san wannan yatsa. Haka yake yi wa mutum in magana ta yi tsawo, wato a ƙara gudu. Ya yi wa direban gbaka, wato motar haya, ya yi wa likita, ya yi wa surukinsa ranar ɗaurin aure. Zama da shi ne ya shafa mata. Na harare ta, ta sauke hannu.

Ni ce Rabi, ƙanwarsa, mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na rubutu don nishaɗi. Wana ya tafi ya bar mu babu muryar mahaifinmu, shi ya sa zan faɗi yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, sana'arsa. Shagonsa na kusa da unguwar 220 Logements, yana kwafar kasetocin wa'azi yana sayarwa. Maƙonsa ne ya koya masa cewa in ya murɗa wani ɗan noti a cikin rikoda, inji zai ƙara gudu, dogon wa'azi ya shige cikin gajeren kaset. To amma a kaset, gudu da kaurin murya a ɗaure suke: ka ƙara gudu murya ta sirance, ka rage ta yi kauri. Malam Sanusi, ƙato mai murya kamar ganga, ya fito daga injin Ilu kamar yarinya mai tallan ruwan sanyi. Wani dillalin doya na kasuwar Guro har ya zo shago yana tambaya ko malamar nan tana da aure. Da labari ya kai wa Malam, ya zo yana huci. Ilu ko tashi bai yi ba.

"Malam, a saurara da kyau, akwai harafi ɗaya da ya faɗi? Hutun da kake yi tsakanin magana kawai na rage maka. Kuma gaskiya, an fi sayen malamar."

Na biyu, kaset ɗin Baba. Mahaifinmu ya koma Damagaram da tsufa. Bai iya rubutu ba, sai ya yi abin da mutanenmu ke yi a lokacin: ya zauna gaban rikoda ya yi mana sallahu, ya ba direban babbar mota ya kawo. Ya kira sunan kowannenmu, ya ja kunnen kowa. Bai daɗe ba ya rasu. Sai dai pil ɗin rikodarsa, wato batura, sun yi sanyi ranar da ya ɗauka, zare na tafiya a hankali. Da muka saka a tamu mai lafiya, sai ga Baba yana zuba kamar tsuntsu. Maganin da Ilu ya samo shi ne gwangwanin madara cike da matattun pil, waɗanda yake bi maƙwabta yana roƙa. Duk Sallah zai tara mu, ya lasa pil ɗaya bayan ɗaya don jin sauran ƙarfinsu, ya zaɓi waɗanda suka kusa cikawa. In an yi dace, mu ji Baba daidai na ɗan lokaci, kafin ya fara nutsewa yana gurnani kamar sa. Jikoki, waɗanda Faransanci ya fi zama a bakinsu, su kwashe da dariya suna cewa pepe, wato kaka, ya gaji. Na sha dukansu a kan haka.

Na uku, kwamfuta. Kaset ya mutu, Ilu ya koma zuba wa mutane wa'azi a waya. Kwasi ne ya jawo mana fitina, ranar da ya nuna masa wasu maɓallai biyu a kwamfutarsa, ɗaya na gudu, ɗaya na kaurin murya, kowane da hanyarsa. Ilu ya rantse ƙarya ne, sai da ya ji Malam Sanusi na gudu da muryarsa ta ganga. Ni ma na nemi bayani. Kwasi ya ce injin na yayyanka magana ƙanana-ƙanana. In ana son gudu ya cire wasu, in ana son jinkiri ya maimaita wasu, sannan ya haɗa bakin inda suka dace. Na gane nan take. In atamfa ta tsuke a wanki, har zanen jikinta ke ƙanƙancewa, wannan shi ne kaset. In kuwa tela ya yanke tsakiya ya haɗa fure da fure, zane ya gajarta amma furen na nan yadda yake.

Daga nan babu wanda ya huta. Saƙon murya duk a guje yake sauraro, har na ta'aziyya. Zulai ta ce ya taɓa roƙonta ta riƙa yi masa faɗa ta waya, don ya gama ji da wuri. Shi kuma da muryarsa siririya ce tun yana yaro, abin da ya tsana a duniya, sai ya riƙa kaurara ta kafin ya aika wa dangi saƙo. Da ya je Damagaram biki, ya yi sallama a ƙofar gida, wata gwaggo da idonta ya yi rauni ta amsa ta ce, "Sannu yaro, ina ka baro Alhajin?"

Na huɗu, wanda shi ne laifin. Damina ta Abidjan ta fara cin kaset ɗin Baba, fumfuna ta kama zare. Ilu ya kai wa Kwasi aka juye shi cikin kwamfuta, kuma a juyin nan zaren ya tsinke ya dagargaje. Kwasi ya ce aikin mai sauƙi ne, a rage gudun gaba ɗaya, murya za ta koma mazauninta da kanta. Ilu ya ce a matsa masa. Ya bar gudun yadda yake, wai Baba dama yana da jan magana. Ya kama maɓallin kauri ya yi ta dannawa ƙasa. Ya ajiye, ya sake, ya ajiye a kan na farko, har asalin ya ɓace.

Ranar Sallah ya kunna mana yana washe baki. Wani babban mutum ne ya fito, kamar kwamandan soja da mota ke jira, yana kiran sunayenmu daga cikin tulu. Na ce masa wannan ba ubana ba ne.

"Auta, uba ba ya magana da siririyar murya. Na gyara shi."

"Baba muryarsa irin taka ce, Yaya. Kai ne kake jin kunyarta, shi bai taɓa ji ba."

Ya kashe injin. Sallar nan ba mu ci nama tare ba. Na koma wurin Kwasi a ɓoye, ya gwada mayarwa, ya ce kowane murɗi na barin tabo, kuma Ilu ya murɗa ba adadi. Abin da ya fito na rawa kamar mai magana ta cikin fanka.

Bara ciwon shanyewar jiki ya kama shi, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen zance ba, sai ga shi yana jan kalma ɗaya kamar guga daga rijiya. Wata safiya na kai masa kunu, ya ce, "Rabi, kin zo?" a hankali, da siririyar muryar nan. Na ajiye kwanon. Baba ne sak. Na gaya masa. Ya ce ya sani, tun da ciwon ya fara yake jin tsohon a bakinsa. Na ɗauko waya zan ɗauka, ya kawar da kai ya ƙi. Taurin kan bai shanye ba.

Amma ya gaya mini wani abu. A zamanin kaset, in wa'azi ya ƙare da sauran zare, ba ya iya barin wurin fanko tunda ya biya kuɗinsa, sai ya cike da sallahun Baba, yadda ya zo daga Damagaram. Ya ce ya sayar da irinsu da yawa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi, alamar ba mai sauraron wa'azi har ƙarshe.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya yafe masa gaggawarsa, Ya sada shi da Baba su zauna su yi hira a tsanake. Amin.

Yanzu ga roƙona. A cikin 'ya'yan Baba ni kaɗai na rage, kuma kunnena na hagu ya fara tafiya. Kwasi ya ce in aka samu kwafi ɗaya da ba a taɓa ba, zai riƙa rage gudu a hankali har in ce masa ya tsaya. Duk wanda ya taɓa sayen kaset a hannun Ilu, ya duba ƙarƙashin gado da tsofaffin akwatuna. Ya juya bayan kaset ɗin, ya saurari ƙarshe. In ya ji wani tsoho na kiran sunayen yara da sauri kamar tsuntsu, ya kawo mini layin 'yan atamfa a Treichville. Kada a goge fumfunar, kada a ba yara su juye a waya, kuma don Allah kada kowa ya gyara.