Gayyar da Aka Yi Mini Ina Cikin Ɗakin Korona

Mantuwa ta kama ni yanzu, shekarun 'ya'yana ma sai uwarsu ta tuna mini, amma damunar korona ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Ni lebura ne a asibiti, firamare ma ban ƙarasa ba. Aikina in turo tukunyar iska, in kwance wadda ta ƙare in ɗaura sabuwa. Da cutar ta zo, aka ware wani ɗaki can baya don waɗanda numfashi ya gagara. Babbar nas ɗinmu, wata Kirista 'yar wajen Kafur da kowa ke kira Mama, ta raba mu gida biyu. Rabi su shiga su yi mako biyu ba fita, rabi su huta a gida, don in ciwon ya kama waɗannan a sami masu karɓa. Masu iya canza tukunya kuwa mu biyu ne tak, ɗaya a kowane ɓangare.

Kwanana uku da shiga sai ruwan shuka ya sauka. Gona ɗaya gare ni a hanyar Gozaki, ita ke ciyar da gidana, 'ya'yana kuma duk mata ne ƙanana. Kafin in fito, shuka ta wuce ni. Na tunkari Mama kai tsaye.

"Mama, gona zan tafi. A kore ni in an ga dama."

"To tsohon nan na gadon ƙarshe fa? Ni zan ɗaga masa tukunya da wannan bayan nawa?"

"Shi ma manomi ne, zai gane."

"Sai yana numfashi zai gane. Zauna, Malam, ka bar ni da gonar."

Ta ɗauki waya ta kira masu hutu ta ce gayya ta tashi. Washegari suka biya gidana suka karɓi iri: direban motar asibiti, mai gwajin jini, nas biyu, har da wani ƙaramin likita ɗan birni da bai taɓa riƙe fartanya ba. Na yi musu kwatance, na ce bayan kwalbati, gona mai ɗorawa. Ni da na tashi a wurin ban tuna ɗorawar biyu ce ba.

Da la'asar suka turo hoto a wayar Mama, kowa da takunkumi, duk sun yi buɗu-buɗu suna ɗaga hannu. Na duba da kyau, sai na hango suri a bayansu. Gonata ba ta da suri.

"Mama, gonar maƙwabcina suka shuka! Da irina!"

Mutumin nan kuwa shekara biyar ba ma gaisawa saboda rigimar iyaka. Mama ta yi dariya har gilashin fuskarta ya yi hazo. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin, yanzu ne nake yi.

Ba a jima ba sai ga kiran maƙwabcin nawa. "Kai, wane sabon makirci ne wannan? Na zo na tarar da likita duƙe a gonata!"

Na gaya masa yadda aka yi. Sai ya ce, "Layin likitan naku kamar maciji ya bi. Zauna ka riƙe wa mutane iskarsu, mai taurin kai."

Kashegari ya shiga gonata da shanunsa da 'ya'yansa, suka yi huɗa suka shuka da irinsa, wanda ma ya fi nawa kyau. Na ƙarasa kwanakina hankali kwance. Tsohon nan da ƙafarsa ya fita, yana mitar kunun asibiti ba tsami.

Abin da na koya ke nan: in za ka ce wa mutum ya tsaya kan aikin ceton rai, to ka fara tambayarsa me ya bari a gida, ka sauke masa shi. Wanda zai taya ka saukewar kuma, ba kai ke zaɓensa ba.