Motar da Ba Ta Ɗaukar Buhu

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan na Batsari daga Runka, mota ce ta tsaya mini a rai, ban ma damu da dangin miji kamar ita ba. Tana nan bayan zaure ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe ta da tsohon tamfol. Ni kuwa na taso inda mutum ke ɓoye ko sabon takalmi ne. A wajenmu in ka sayi babur sai ka shafa masa laka kafin ka shigo gari, saboda akwai masu ido, masu kai wa ɓarayin daji labari. To ga shi an ajiye ni a gidan da kowa ke kira gidan mai mota. Da na haihu abin ya ƙaru. In ina shayar da yarinya sai in ta lissafi: wani zai je ya ce akwai mai kuɗi a unguwar nan, har mota gare shi. Wa zai tsaya ya yi musu bayanin cewa tuwon dare ma sai mun yi dabara?

Ban gama firamare ba, kuma ban san komai game da mota ba, amma ina da ido. Ja ce, jan da ya koɗe irin na barkonon da ya daɗe a shanya. Ƙofa biyu, kujera biyu, shi ke nan. Rufinta bai kai ƙirjina ba. Injinta ba a gaba yake ba kamar na motocin mutane, a bayan kujeru yake. Fitilunta a rufe suke, sai an taɓa wani abu su ɗago, shi ya sa yaran unguwa ke ce mata kwaɗo. Surukina, Allah ya jiƙansa, ya yi wa wani Bature mai aikin hanya direba a kudu. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya nemi mai saye bai samu ba, sai ya bar masa ita. Shi ya tuƙo ta har gida. Ya rasu kafin aurena, ya bar 'ya'ya maza biyu: Yaya, wato babban wan maigidana, wanda ko kallonta ba ya yi, da maigidana, wanda yake goge ta da tsohuwar rigarsa.

Mutanen gari dariya suke mata. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar akuya, in aka ce ta bi hanyar Safana cikinta zai tsaya a ramin farko. Tayoyinta ma sun daɗe da mutuwa, kan duwatsu take zaune.

Maigidana manomi ne. Gonarsu tana wajen Yasore, ta ɓangaren da ke kallon daji. Shekarun da abin ya tsananta aka daina zuwa, shanun huɗa kuma suka tafi da masu tafiya da su. Sai ya koma facin taya a bakin titi, wata rana a samu, wata rana ya dawo hannu biyu. Mutumin da na sani mai surutu ya zama sai ka yi masa magana sau biyu kafin ya ɗago. Ranar Juma'a kaɗai nake ganin wanda na aura.

Bayan sallar la'asar abokansa biyu suke zuwa. Ɗaya tsoho ne, tsohon direban tirela, muna ce masa Baba. Ɗayan bakanike ne, Kirista, mutumin wajen Babban Duhu, shi ke ɗauko batir daga garejinsa a bayan babur. Yakan riga Baba isowa, kafin su fito masallaci da maigidana ya wanke fulogi ya jera a kan tsumma. Da fetur ya yi tsadar da mutane suka jingine babura suka koma tafiyar ƙasa, kowanensu sai ya riƙa zuwa da ɗan abin da ya samu a gorar lemo. A haɗa, a zuba mata. Ba inda za ta je. Tada ta kawai ake yi ta yi numfashi, don bakaniken ya ce injin da ya daɗe bai motsa ba mutuwa yake yi a tsaye.

Ni ina kai musu ruwa, sai in ɗan daɗe wajen ajiye kofi. In ta tashi, kwanon rumfa rawa yake. Baba sai ya rufe ido.

"Ku ji nan! Wanga ba ƙara ba ce, magana ce."

"Baba, kai da kunnenka ɗaya ya yi ritaya, mi kake ji?" in ji bakaniken.

"Da ɗayan nake jin abin da kai ba ka ji da biyu, ɗan nema. Ni motar ga ta taɓa wuce ni hanyar Katsina ina cike da kaya. Na ga ja a madubi, kafin in ce bisimilla na ga ja a gabana, kafin in sake giya babu ta."

"Kowace Juma'a sai ta wuce ka."

"Kuma kowace Juma'a tana ƙara gudu!"

Bakaniken yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotar, ya daɗe shiru. Sai ya miƙa wa maigidana ya ce, "Saurara, ko fulogi ɗaya bai yi ƙarya ba." Suna cewa manyan motocin da 'yan siyasa ke wucewa da su akwatuna ne masu gilashi. Suna cewa ko a ƙasar da aka ƙera wannan ba a san darajarta ba, balle nan da Baturen ya rasa mai saye. Su uku ne kaɗai a duniya suka gane, a faɗarsu. Maigidana yana dariya har haƙoransa na ciki su fito. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin iya inda ƙarar ke kaiwa.

Wata Juma'a Baba ya sayo nasa man wajen 'yan bumburutu, ashe an gauraya shi da wani abu. Da aka murza makulli sai ta yi tari, sannan salansa ta saki: tau! tau! tau!

Ni da na san mota ce, ni da na ga sanda aka zuba man, sai da na tsinci kaina a bayan gida da yarinya a hannu, babu mayafi. Ƙafafuna ba su tsaya jin bayani ba. To ina ga waɗanda ba su sani ba? Unguwa ta watse. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, mata suka yi ta kiran sunayen yara, wasu har sun kai bakin kasuwa suna cewa an shigo. Inna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu mai sai da daddawa, ta yi tuntuɓe a dokin ƙofarta ta faɗi kan hannu. Sai da aka kira mai ɗori.

Washegari Yaya ya zo. A zaure suka zauna, ina jin su ta bayan ƙyaure.

"Ka ga abin da wasanku ya jawo. Mutane na neman masara, kuna shayar da ƙarfe. Na yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su sare ta su auna. Abin da aka samu a biya ɗorin tsohuwa, saura a sa hatsi a gidan nan."

Na jira in ji maigidana ya ce wani abu. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Yaya."

Maganar Yaya ba ƙarya ba ce, ni na fi kowa sanin abin da ke cikin tukunyata. Kuma abin da na daɗe ina roƙo ke nan, a raba ni da motar nan. Amma kwanakin da suka biyo baya na ga abin da ban so ba. Maigidana ya daina fita faci. In na ajiye masa abinci sai in dawo in tarar ƙuda sun riga shi. Da hantsi sai ya je ya yaye tamfol ya tsaya, ba ya gogewa, ba ya komai, kallo kawai.

Ni ce nake yi wa Inna daka da ɗebo ruwa tunda hannunta na ɗaure. Ina tankaɗe na ce mata an ce za a sare motar saboda ita.

"Saboda ni? Wa ya tambaye ni?" Ta gyara hannun a cinya. "Ke yarinya, motar ga tun ina da haƙora take kuka a unguwar nan, ban taɓa gudu ba. Da can in ta tashi leƙowa muke mu ga mai ita da hularsa a karkace. Yanzu ko murfin tukunya ya faɗi sai mu zabura. Su sare ta, gobe in jaki ya yi kuka sai su sare jaki."

Na koma gida da maganar. Ina wanke-wanke ina tuna abubuwan da muka bari. Mun bar gona. Mun bar zuwa Runka gaida iyayena sai an ji hanya ta yi sauƙi. Biki an daina kiɗa, suna a yi shi da safe a watse. Kowane abu da aka ce mu bari mun bari, ba wanda ya dawo mana da ko ɗaya, kuma tsoron bai ragu ba. Yanzu saura abu ɗaya da ke sa mutumin nan dariya, shi ma mu da hannunmu za mu kira masu guduma.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo, su biyu da guduma da gatari da sikeli, maigidana yana tsugune a gefen rumfa. Na sa hijabi, na kwanto yarinya daga baya na rungume ta, na bi ta gabansu na buɗe ƙofar motar na shiga. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Kujerar ƙasa take sosai, kamar ka zauna a tabarma. Na ja ƙofa na danna abin kullewa. Yarinya ta fara kuka.

Yaya ya leƙo ta tagar da gilashinta ya maƙale a rabi. "Ke, mi ke nan? Fito."

Ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar ma ban haɗa ba. Sitiyari nake kallo. "Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan fito ba."

"Kai, ka yi wa matarka magana!"

Maigidana ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Yaya, hatsin da za a saya kafin damina ya ƙare. In ya ƙare, mi za mu sare kuma? Ni na fi kowa tsoron motar nan, Allah shi ne shaida. Amma waɗanda suka kore mu daga gona ba su ce a sare ta ba. Mu ne muke yi musu aikin."

Babban ɗan gwangwan ya jingine gudumarsa. "Alhaji, mu fa ƙarfe muke saye. Ba mu da sikelin mace da goyo."

Wasu da suka taru a ƙofar zaure suka yi dariya, abin ya ƙara ɓata wa Yaya rai. Ana haka sai ga Inna da hannu a rataye, ta jawo kujerarta 'yar tsuguno ta ajiye daidai gaban motar ta zauna.

"Ɗan nan, in don ni ne, ban sa ka ba. Hannuna ne ya karye, ba bakina ba."

Sai da aka kira mai unguwa. Ya saurari kowa, ya ce motar gado ce ta mutum biyu, ba a sare ta sai duka biyun sun yarda da zuciya ɗaya. Ya juya ga maigidana ya ce ya faɗi gaskiya, ya yarda? Maigidana ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Kunyar Yaya na ji." Mai unguwa ya ce to, amma ba za a sake firgita masa jama'a ba. Daga cikin motar na ce ni zan riƙa bi gida-gida ina faɗa kafin a tada ta. Bakaniken kuma daga baya ya ɗauki alkawarin shi zai riƙa duba man kafin a zuba, Baba ya ce an ci zarafinsa, amma ya yarda.

Haka muke yi har yau. Kowace Juma'a in an fito la'asar sai in goya yarinya in bi layi ina sallama: "Za a tada mota, kada ku tsorata." Da farko tsaki ake mini. Yanzu wasu matan sukan biyo ni su tsaya daga bakin zaure, su ce a ɗaga musu idon kwaɗon su gani. Yaya bai sake cin abincin gidana ba, in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa. Ina gaishe shi duk da haka. Tsorona kuma yana nan, ban warke ba, in ta yi ƙara har yanzu sai na dafe ƙirji. Amma a tsaye nake dafewa, a bakin rumfa.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan: in hanya ta biyo da kai Batsari ranar Juma'a da yamma ka ji ƙarar inji mai kauri daga cikin unguwa, ka tambaya kafin ka gudu, kuma ka tambaya kafin ka buga wa wani waya ka ce an shigo. In ka zo kallo, ka yi sallama, za a ba ka wurin zama. Kada dai ka ɗauki hotonta ka watsa, don Allah. Muna da yara a gidan.