Iskar da ke cikin hazan

A shekarun tamanin ni da yayana wanke hazan muke yi a Jidda, wato rumbun ruwan da ake ginawa a ƙarƙashin gida. Umra ce ta kawo mu, muka maƙale, babu iƙama, wato takardar zama, babu kafilin da zai tsaya mana.

A unguwar Khumra akwai wani tsoho ɗan Pakistan mai gadin sito, da muke shan shayi a wurinsa. Ya ce ya yi yaƙi a jirgin ƙarƙashin teku. Ni kuwa bakina ba ya shiru, na ce, "Ammu, kai da ko tsani ba ka hawa sai da nishi?"

Bai ji haushi ba. Ya kwantar da kwalba a tire yana nuna mana yadda jirgin yake shan ruwa a cikinsa ya nutse, a busa iska ya taso. A sama da injin dizal yake tafiya, amma da sun nutse sai batir, don inji cinye iskar mutane yake. Wani lokaci jiragen abokan gaba na shawagi a kansu, su kuwa kwance babu mai tari, ashana ma ba ta kamawa. Ni dai na ɗauke shi tatsuniya.

Ran nan aka ba mu wankin hazan ɗin sitonsa. Tiyonmu ya gaza, ashe da na je sayen burodi Yaya ya zura injin jan ruwa mai fetur ciki, ya bi shi. Na dawo na ji inji na kuka, na ƙwala kira, shiru. Na leƙa. Yaya na kife a gefen ruwa.

Wayyo Allah! Na zura ƙafa zan dira, sai tsohon nan ya shaƙo wuyan rigata ya yar da ni. Wallahi saura kaɗan in mare shi.

"Ka shiga, gawa biyu!" in ji shi.

Ya fizgo injin da igiyarsa ya kashe, ya jawo fankarsa ya kafa a bakin ramin. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya miƙo mini wata.

"Cika ƙirjinka a nan. A ciki kar ka shaƙa. Ɗaura masa, ka fito. Yalla!"

Na shiga. Na ƙulla masa igiyar, na hauro idona na ganin duhu. Muka ja tare, ni da mutumin da nake wa dariya.

Muka shimfiɗe Yaya a inuwa, tsoho na danna masa ƙirji, ni ina kuka ina salati. Na ma manta da zancen takardu, ina ihu a kira motar asibiti ko da kama mu za a yi. Can sai ya yi tari, ya amayar, ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai, kar ka gaya wa Inna."