Yaya Sale, Wa Za Mu Je Mu Gaisar?

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale. Ni ba gwanar rubutu ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan na aurar da 'yata ta fari. Sai dai bana akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma shi kaɗai nake so in tambaya.

Ƙauyenmu yana bakin iyakar Karaye da Rogo. Tun muna 'yan mata masu siyasa suka tsaga shi gida biyu, rabi a wannan mazaɓa, rabi a waccan, don kada ƙuri'armu ta taru wuri ɗaya ta yi nauyi. Wannan abu ya ci wa Yaya rai har ya koma ga Allah. Yakan ce, da za a samu wanda ba shi da dangi ba shi da jam'iyya ya ja layin nan, da talaka ya huta.

To, ga shi an ce an samu. Autana Nasiru, wanda yake gyaran kwamfuta a Kano, ya zo min da labarin. Wai a wasu ƙasashe ana gwada ba wa na'ura taswira da yawan jama'a, ita kuma ta yanka mazaɓu daidai wa daida. Wai mu ma akwai masu cewa a gwada a nan. Yana faɗa yana murna.

"Inna, addu'ar Kawu ce Allah ya karɓa. Na'ura ba ta da ɗan ɗaki, ba ta san kowa ba."

Na ce, "To in ta yi mana ba daidai ba, gidan wa za a je?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna ke nan. Na'urar za ki je ki durƙusa wa?"

Shi wasa yake yi, ni kuwa kwarinmu na tuna. Tsakaninmu da titin Rogo akwai wani kwari da ruwa yake cinyewa kowace damina. Da hadari ya fara haɗuwa, Yaya yakan tara dattawa su tafi gaida kansila da goro. Ba sa ambaton kwari. Su tambayi iyali, su tambayi gona, su yi ta zama har kunya ta kama shi, don ya san waɗanda suka yi wa mahaifinsa salla ne a gabansa. Kafin shuka ta yi ƙwari sai ka ga tifa ta zo ta zuba ƙasa a kwarin. Da wannan ƙasar mata masu naƙuda suke kaiwa asibiti.

Nasiru ya ce na'urar kai take ƙirgawa. In lissafi ya nuna a ƙara tsaga mu, ko a liƙa mu da mutanen da ba mu taɓa haɗuwa ko a wajen suna ba, haka za ta yi, ba da mugunta ba. Na yarda. Amma wanda ya cuce ka da gangan ya san ya cuce ka, wata rana yakan ji nauyi. Kansilan da ba mu san ƙofar gidansa ba fa, me zai ji?

Ban san abin da Yaya zai ce ba. Wataƙila ya yi murna kamar Nasiru, don shi ya roƙa. Wataƙila ya tambaya wa ya faɗa wa na'urar abin da ake kira daidai, don ko ita hannun mutum ne ya kunna ta. Na fi zaton zai sa hularsa ya tafi neman wannan mutumin, ya zauna a ƙofarsa har a ce ya shigo. Abin da ya bar mana ke nan, Allah ya jiƙansa, kuma dattawan da suka iya wannan zaman suna ta ƙarewa.

'Yata Hadiza tana da ciki, haihuwarta tsakiyar damina za ta faɗo. Ba a ja wani layi ba tukuna, kowa sai ce min yake in kwantar da hankalina. Ni dai na riga na roƙi mijinta, da ruwan farko ya sauka zai kai ta Rogo wajen gwaggonta ta zauna.