Farcen Kawu Ɗan-Jimma

Ku matso ku ji, ku da kuka san Kawu Ɗan-Jimma, duba-garin Tanut. Ko kun manta fuskarsa, ai ba ku manta farcen babban yatsansa ba. In ya shiga kasuwa sai ya ɗiga madara a kai. In ta tsaya cur, ya wuce. In ta gangara, an ƙara ruwa ke nan, sai ya kife ƙwaryar.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, na san dalili. Ɗansa na fari gudawa ta tafi da shi, bayan ya sha madarar da aka sirka da ruwan tabki. Tun ranar ya rantse ba za a sake yi wa yaron kowa haka ba.

Wata Bafillata daga Belbeji ta rantse masa saniyarta ce ta cika shan ruwa. Ya sa ludayi ya tsamo wani abu mai wutsiya, ya ce, "To Inna, talibambam ɗin ma ta nono ya biyo?"

Mai gidan burodi kuwa, ya iske shi yana kwaɓa ba riga, zufa na ɗiga cikin ƙullu. Mutumin ya ce ba wanda ya taɓa kuka da burodinsa. Kawu ya ce, "Ina za su yi kuka, gishiri ya ji?" Ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, yana korar 'yan lakwal, yaran makaranta masu zuwa saye, har sai da aka sa riga aka wanke kwamin kwaɓa ƙullun.

Innarmu ma bai ƙyale ta ba, ya kife mata ƙwaryar madararta a kasuwa. Ta ce, "Haba Yaya, ruwan rijiya ne fa." Ya ce farcensa bai san dangi ba. Sai da salla ta zo ta sake gaishe shi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, likita ya ce a sirka masa madara da tafasasshen ruwa don ta haɗiyu. Ya ɗiga a farce, ta gangara. Ya harari matarsa ya ce, "Hajiya, har ke?" Muka yi dariya muna share hawaye. Bai sha ba sai da aka kawo tsantsarta.

Yau a unguwarmu ba uwar da ke ba yaro madara ba ta ɗiga a farce ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sada shi da ɗansa, ya shayar da su daga ƙoramar madarar Aljanna, wadda ba a sirkawa.

Ke fa, wadda kika saya wa yaranki da safe, kin ɗiga?