Ɗigo Ɗaya a Ƙofar Kaura

A bakin titin Ƙofar Kaura, ga wani dattijo durƙushe gaban tsohuwar Fijo. Gajere ne, furfura ta cinye sajensa, takalmin sojan da ke ƙafarsa ya sha faci. Ina jin a bariki ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran manyan motoci, da sojoji suka miƙa mulki bana shi ma ya tattaro ya dawo gida.

Mai motar yana ta rantsuwa injin ya mutu. A kujerar baya matarsa ce ke murƙususun naƙuda.

Dattijon ya ɓamɓaro fostar zaɓe daga bango, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin motar, yana jira. Ɗigo ɗaya ya faɗo. Ya dangwala, ya murza, ya shinshina.

"Malam, kwantar da hankalinka. Ba baƙin mai ba ne, ruwan lagireto ne. Tiyo ya tsage."

Ya datse bakin tiyon, ya mayar, ya ɗaure tamau, aka cika ruwa.

"Tada ta!"

Mota ta ɗauka, ko ɗis babu. Mutane na kabbara, shi kuwa yana bin ta da gudu yana dariya.

"Allah shi sauke ta lafiya! In namiji ne, sunana Haliru!"