Gidan da autanmu ya gina wa Inna

Autanmu bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, amma ya gina wa Inna gida. A kwamfuta ya gina shi, cikin wani wasa da ake ba mutum fili ya yi ta gini. Yana shekara ta biyu a jami'a nan Gashua ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Da ƙafafu suka kumbura, fita ta gagara, sai ya jingina da bango ya ɗora kwamfutar a cinya, Inna na gefe tana tsintar shinkafa tana ba da umarni. "Matso da rijiyar kusa da madafi." "To ina garken awakina?" Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Mutum na fama da ransa, ya ɓige da wasan yara! Ko sau ɗaya ban leƙa ba.

Ranar sadakar uku kawunmu ya ja ni gefe ya tuna mini. A wajenmu in matashi ya rasu akan bi wayarsa a goge waƙoƙi da finafinai, kada wani ya kunna alhaki ya riƙa bin mamaci har kabari. Na yi wa wayar, na dawo kan kwamfutar. Na ga wata jakar fayiloli da ya sa wa suna "nishaɗi", ban ko buɗe ba na goge ta, na bi ta kwandon sharar kwamfutar na sake gogewa. Wallahi har sanyi na ji a raina, wai na yi wa ƙanena gata.

Bayan arba'in, da hantsi, Inna ta shimfiɗa tabarma a inda ya saba zama.

"Kai, zo buɗe mini gidan nan nawa in gani."

Na danna hoton wasan. Allo ya yi baƙi, sai ga ɗan farin akwati da jar alama, da Turanci, wai an nemi wani fayil an rasa. Na sake dannawa. Na kashe na kunna. Na zare batir na hura kamar rediyon Baba. Wani abokin aikina ya ce in sabunta komai, na yi wuni biyu ina saukar da abubuwan da ban san kansu ba. Akwatin nan dai bai fasa fitowa ba.

"Ko ta gaji ne?" in ji Inna. "Bar ta ta huta."

Ranar kasuwa na shiga motar Nguru da kwamfutar a ƙirji. Akwai wani dattijo mai gyara kusa da 'yan kifi, shagonsa duk warin banda. Ya duba, ya ce, "Malam, ai wasan ba ya ciki. Hotonsa ne kawai ya rage, kamar ƙofa babu ɗaki." Ya sake zuba wasan, ya danna, ya buɗe nan take. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai na ga fili fetal, ciyawa kore shar har ƙarshen allo.

"Ina gidan?"

"Abin da aka gina yana jaka ɗaya da wasan, an goge su tare. Da ba a yi ta zuba sababbin abubuwa a kai ba, da wataƙila na tono shi. Yanzu kam sun danne."

Na hau shi da faɗa, na ce bai iya aiki ba, har 'yan kifi suka leƙo. Ya bari na gama.

"Malam, yi haƙuri. Ba ni na goge ba."

Na ɗauki kwamfutar na shiga motar Gashua.

Na ajiye wa Inna kwamfutar, wasan a buɗe, na faɗa mata gaskiya, ni ne, da hannuna. Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana kallon ciyawar, sannan ta ɗora yatsa a allon.

"Nan rijiyar take. Nan ɗakina. Nan nasa, ƙofa na kallon tawa, wai in ya yi tari in ji."

Yatsan ya matsa gefe, ya tsaya a kan ciyawa.

"Nan kuma naka ne. Har kantar littattafai ya yi maka. Ya ce kada in faɗa maka sai ya gama rufin, don ya san za ka yi faɗa."